Yini Guda a Lome: Daga Ƙofar Por Zuwa Zango

A wannan sati filin namu zai bar tudu ya gangara bakin teku, kuma dalilin haka wata magana ce da wani Alhaji ɗan kasuwar Maraɗi ya yi mani muna zaune bisa benci a kusa da tashar jiragen ruwa ta Lome, wadda ƴan kasuwarmu ke ce ma por. Kwanansa tara yana jiran takardun kwantenarsa su fito daga duwan. Ya ce da ni: "Malam, na fi shekara goma ina zuwa garin nan, amma in ka ɗauke por, da masaukina, da masallacin da nake salla, ban san kome ba cikinsa." Bai faɗa don nadama ba, faɗa ya yi irin ta mutumin da ke ganin yawon buɗe ido aikin marasa aiki ne.

Ba shi kaɗai ba ne. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, da yawa daga masu saukar da kayansu a Kwatano sun juya akala zuwa Lome, kuma kowa ya san abin da zuwa por ke nufi: jira. Mai fitar da kaya, wato taranziter, ya ce gobe, gobe ta zo ya ce jibi. Haka ma ma'aikacin gwamnati da aka aiko taro: daga filin jirgi sai otal, daga otal sai zauren taro, ya koma Yamai da jakar takardu da turmin atamfa guda na uwargida, ya ce ya je Togo.

To, a daidai lokacin da muke wannan hira, sai ga wani farin jirgin ruwa na masu yawon duniya ya tsaya. Irin waɗannan jirage kan shigo da safe su tashi da marece. Anasaran da ke ciki, mafi yawansu tsofaffi masu cin fansho, ba su da abin da ya wuce awa bakwai ko takwas a tudu. Wasu kan shiga babbar mota su da yawa, a kora su kamar garke. Masu wayo kuwa tun kafin su iso sun riga sun shirya da ɗan jagora, ya zo da ƙaramar mota yana riƙe da allo da sunansu a jiki, su biyu ko su huɗu, ya zagaya da su gari, su tsaya inda suke so, su wuce inda ba su so, ya maido su kafin jirgi ya yi kuka, don jirgi ba ya jiran wanda ya fita ta kansa. Na ce ma Alhaji: dubi tsohuwar can mai sanda, kafin faɗuwar rana za ta fi ka sanin Lome. Ya yi dariya, amma maganar ta shige shi. Washegari muka ɗauki shatar mota mu biyu, muka yi abin da anasara ke yi, sai dai da idon ɗan kasuwa.

Shatar mota ta fi a nan, ko da ta fi tsada. Kabu-kabu, wanda su ke kira zemijan, yana da arha, amma dattijo mai babbar riga bisa babur cikin cunkoson manyan motocin por ba abin so ba ne. A yi ciniki tun kafin a shiga, a faɗi wuraren da za a je ɗaya bayan ɗaya, a san ko kuɗin mai na ciki, a san lokacin komowa. Mu mun dace da direba Kotokoli, mutumin Sokode, Musulmi, mai jin Hausa rangaɗaɗau, saboda haka ba mu sha wahalar neman wurin salla ba.

Por tana gabas da gari. Muka ɗauki titin bakin teku muka nufi yamma, teku na hannun hagu, itatuwan kwakwa jere. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne faɗin rairayin da ke tsakanin titi da ruwa. Wannan faɗi ba tun asali yake ba, por ce ta haife shi. Igiyar ruwa a wannan gaɓa tana kwasar rairayi daga yamma zuwa gabas. Da aka gina por, wadda aka buɗe a 1968 da taimakon Jamus ta Yamma, sai dogon shingen duwatsun da aka shimfiɗa cikin teku ya tare rairayin. Ya taru a gaban gari, gari ya sami fili. Amma ƙauyukan da ke gabas da por sai teku ya shiga cin su, har ya haɗiye tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho. Wato tashar da ke saukar mana da shinkafa da sukari, akwai masunta da suka biya kuɗinta da gidajen kakanninsu. Alhaji ya yi shiru, sa'an nan ya ce ai ko a Gulbin Maraɗi in ka tare ruwa a gonarka, gonar wani ce za ta ji.

Da muka iso tsakiyar gari direba ya tsaya ya nuna mana wasu baƙaƙen ƙarafa da suka miƙe cikin teku, tsatsa ta cinye su, tsuntsaye na bisa. Mai wucewa zai ɗauka tarkace ne, alhali su ne mafarin duk abin da ya kawo mu. Gaɓar Lome ba ta da mafakar jirgi ta halitta. A da jirage kan tsaya can nesa, a sauke kaya cikin kwale-kwale, a keta hauka ta igiyar ruwa, wani lokaci kaya da mutane su kife. Jamusawa suka gina gadar ƙarfe mai shiga teku a 1904, igiya ta karya ta a 1911, aka gyara. Faransawa suka gina tasu a 1928, ita ce ta yi aiki har por ta zo. Daga bakin wannan gada layukan dogo suka tashi: na Aneho a 1905 don kwakwa, na Palime a 1907 don koko, na Atakpame don auduga, wanda Faransawa suka ja har Bilita a 1934. A nan ya tsaya. Ɗan'uwansa na Kwatano shi ma ya kai Paraku a 1936 ya tsaya. Duk wanda ke tambayar abin da ya sa buhun siminti ko na shinkafa ke ninka kuɗinsa kafin ya kai Damagaram ko Tawa, rabin amsar na nan cikin ruwa. Waɗanda suka shimfiɗa dogon ba don su kai kaya ga mutanen tudu suka yi ba, don su fitar da amfanin gona zuwa jirgi ne, in sun kai inda amfanin ya ƙare sai su aje diga. Sauran tafiyar, fiye da kilomita dubu, aka bar ma tayar kamyo da haƙurin direba.

Daga nan na ce a wuce da mu har ƙarshen titi, inda anasara ba su cika damuwa da zuwa ba. Ba a yi minti goma ba sai ga shinge: iyakar Gana, garin Aflawo. Babban birnin ƙasa ne, amma gidajensa na ƙarshe sun jingina da wata ƙasa. Mata da kaya bisa kai suna ta ketarawa, ƴan canji na zaune da damin sidi da sefa. A nan ne labarin Lome ya zama labarinmu.

Kafin 1880 babu wani gari a nan sai ƙauyukan Ewe na manoma da masunta. Turawan Ingila da ke riƙe da Gwalkwas, Gana ta yau, suka ɗora kuɗin fito mai nauyi bisa taba, da barasa, da albarushi, kuma a 1879 suka matso da iyakarsu har Aflawo. Me ɗan kasuwa zai yi? Sai ya ɗauki shagonsa ya matsa gabas kaɗan, bayan shinge, inda babu mai karɓar fito. Ya sauke kaya a nan, kaya su bi daji su koma cikin ƙasar Ingilishi da dare. Haka Lome ta tsiro, kuma Hausawa fatake masu bin hanyar goro ta Salaga suna cikin waɗanda suka iso tun shekarun farko. Da Ingilishi suka so murƙushe wannan kasuwa, sai Jamusawa suka riga su: a watan Yuli 1884 wakilinsu Nachtigal ya ƙulla yarjejeniyar kariya da sarakunan wurin, a 1897 kuma suka maido hedikwatarsu Lome.

Na kalli Alhaji, ya kalle ni. Ba sai an yi ma mutumin Maraɗi tafsiri ba. Wace dukiya ce ta ɗaga Alhazan Maraɗi daga shekarun 1970, bayan gyaɗa ta mutu, in ba ta taba da atamfa da shinkafa masu wucewa Najeriya ba? Gari ne da ke cin abinci daga bambancin dokar ƙasashe biyu. Irin wannan arziki yana da daɗi, amma igiyarsa na hannun wani. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kowa ya ga yadda kasuwa ta yi. Abin da Lome ta yi dabam shi ne ba ta tsaya ga fasa-ƙwauri ba. Ta haƙa por mai zurfin da manyan jirage ke iya shiga, ta ƙara sabuwar tashar kwantena a 2014, har ta zama wurin da ake sauke kaya a rarraba ma sauran tashoshin gaɓa. Mu ba mu da teku, gaskiya ne, amma tambayar da ta tsaya mani a rai a bakin shingen nan ita ce: cikin ribar shekara hamsin ta wucewar kaya, me muka gina da zai tsaya in an rufe iyaka?

Muka juyo. Ba nisa da nan akwai tsohon gidan gwamna, wanda Jamusawa suka gina daga 1898 zuwa 1905, da nufin duk jirgin da ya doso ya hange shi ya san akwai mai iko. Farin bene ne mai baranda, cikin wani makeken lambu. Gwamnonin Jamus sun zauna, na Faransa sun zauna, gwamnatin Togo ta gada. Ma'aikata da suka ga Taron Ƙasa na 1991 a Yamai za su tuna Togo ma ta yi nata taron a wannan shekara, ta naɗa firaminista na riƙon ƙwarya, Joseph Koffigoh. A wannan gida ne sojoji suka far masa a watan Disamba 1991. Daga nan gidan ya zama kango fiye da shekara ashirin, itatuwa suka tsiro cikin ɗakuna, sai a 2019 aka buɗe shi bayan gyara, ya zama gidan nuna zane da sassaƙa da tarihi. Ban ce duk abin da aka rataya a ciki na fahimta ba. Amma na yaba da yadda ba su rushe shi don haushin wanda ya gina ba, ba su kuma bar ma wani babba ya mai da shi gidansa ba. Ɗan lakwal na shiga ya hau benen da kakansa ba ya isa ya kusanci ƙofarsa.

Babbar majami'ar Katolika, mai hasumiya biyu masu tsini, ginin Jamusawa ce ta 1902. Daga waje muka dube ta, don ba ita ta kawo mu ba, kasuwar da ta kewaye ta ce. Asigame, babbar kasuwar Lome, ta cika kowane lungu har bakin matakalar majami'a. A nan Alhaji ya farfaɗo. Mutumin da ke hamma a gidan gwamna sai ga shi yana murza atamfa da yatsa, yana sansana ta, yana duba bakin zane.

Wannan kasuwa ce ta haifi matan da ake kira Nana Benz. Daga shekarun 1950 zuwa 1980 su ne ke riƙe da cinikin atamfar Holan, ta kamfanin Vlisco, a wannan yanki. Da yawansu ba su yi lakwal ba. Dabararsu ita ce mace ta zaɓi zane, ta yi yarjejeniya da kamfani cewa ita kaɗai za a sayar ma wannan zane, ta raɗa masa suna mai ratsa zuciyar mata, irin na kishi da habaici tsakanin kishiyoyi, sa'an nan duk mai son sa daga Abijan har Kinshasa sai ya biyo ta hannunta. Sun yi kuɗin da suka riƙa shiga Marsandi, daga nan sunan ya samo asali, har gwamnati kan ari motocinsu in manyan baƙi sun zo. Me ya kayar da su? Rikicin siyasar Togo na farkon shekarun 1990 ya kori masu saye zuwa Kwatano. Karyewar sefa a Janairu 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ke zuwa daga Turai cikin dare ɗaya, wanda ba sai na tuna ma kowa ba. Sa'an nan atamfar Sin ta shigo, mai kwaikwayon zane iri ɗaya a kan kuɗi kaɗan. Gobarar Janairu 2013 ta cinye babban ginin kasuwar da dukiyar da ke ciki. Jikokinsu na nan suna ciniki, wasunsu su da kansu ke zuwa Sin su sa a buga masu zane. Wata da muka tsaya shagonta ta gane Alhaji daga hularsa, ta ce: "Alaji, Nijar? Zauna, zauna." Kafin mu tashi ya sayi turmi shida, ya kuma karɓi lambar wayarta. Kuɗin shatar mota dai ya fita.

Dandalin ƴancin kai ba ya ɗaukar lokaci. Wani katafaren allon siminti ne da aka huda siffar mutum a ciki ya ɗaga hannuwa sama, don tunawa da 27 ga Afrilu 1960. Kusa da shi otal ɗin 2 Février ya tokare sama, bene 36, wanda aka buɗe a 1980 lokacin da kuɗin fosfat ke zuba, kamar yadda kuɗin uraniyom ya gina mana manyan benayen Yamai a waɗannan shekaru. Ma'aikacin da ya sha rubuta "yarjejeniyar Lome" cikin takardun ofis ya sani a garin nan aka sa mata hannu a 1975, tsakanin ƙasashen Turai 9 da ƙasashe 46 na Afirka da Karibiyan da Pasifik, Nijar na ciki. Hedikwatar bankin BOAD ma, wanda sunansa ke bisa allunan hanyoyi da yawa a ƙasarmu, tana nan. Gargaɗi guda: wannan unguwa ta ofisoshin gwamnati ce, kada a ɗaga waya a ɗauki hoto ba a tambayi direba ba.

Azahar ta yi, na ce Zango. Direba ya yi murmushi, ya ce cikin shekarunsa na ɗaukar baƙi babu anasaran da ya taɓa ce masa haka. Ba ya cikin takardar masu yawon buɗe ido, don babu abin ɗaukar hoto. Zangon farko a tsakiyar gari yake, amma a 1977 gwamnati ta tashe shi, aka kwashe mutane zuwa Agowe, wajen kilomita 15 arewa, bakin hanyar da ta nufi Burkina. A lokacin daji ne. Yau gari ya cim masa ya wuce.

Da shigarmu sai ka ce Sabon Gari ko Zariya ta Maraɗi: kiran salla ta ko'ina, mai shayi, mai tsire wanda a nan suke ce ma cincinga, shinkafa da wake, yara na tilawa a zaure. Hausa ce harshen unguwa, ko da mai maganar Bazabarme ne, ko Kotokoli, ko Bafilace, ko Bayarabe. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya zauna cikinsu ya rubuta littafi a 1983 kan yadda cinikinsu ke tafiya, kuma abin da ya tarar shi ne abin da kakanninmu suka sani: maigida. Baƙo ya zo da shanu ko goro, maigida ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya nemo mai saye, ya tsaya masa in an ɗauki bashi, ya ci la'adarsa. Babu takarda, babu hatimi, sunan maigida ne jingina. In ka duba da kyau, taranziter na por aikin maigida yake yi, sai dai an cire ciyarwa da kunya. Wani dattijo da muka gaisa da shi bayan salla ya ce kakansa daga Gobir ya zo, shi kuwa bai taɓa ganin Tsibiri ba, amma ya tambayi Alhaji labarin damina kamar wanda ya bar gona a can.

Gaba kaɗan akwai filin da manyan motoci masu zuwa Sahel ke taruwa. Nan muka ga lambobin Nijar jere, direbobi sun ɗaura gidan sauro ƙarƙashin tirela, suna dafa shayi. Gabansu akwai wajen kilomita 650 kafin Sinkase, iyakar Burkina, sa'an nan hanyar Kaya da Dori da Tera, wadda tun 2023 ake bi cikin ayari da rakiyar soja saboda ƴan bindiga. Akwai waɗanda suka bi ta ba su dawo ba. Alhaji, wanda jiya yake zagin direbansa a waya kan jinkiri, ya zauna bisa tabarmarsu ya sha kofi biyu, bai ce uffan ba.

A hanyar komowa, kusa da por, direba ya ce saura wuri guda, wanda anasara suka fi so duk garin: kasuwar tsafi ta Akodesewa. Alhaji ya ce a'uzu billahi, shi yana mota. Ni na shiga, don aikina gani ne. Ana biyan kuɗin shiga, ana ƙara wani in za a ɗauki hoto. Tebura ne cike da ƙoƙon kan birai da karnuka, busassun hawainiya, mujiya, fatun macizai, gumaka, ga wari cikin zafin rana. Bayan tebura akwai ƴan ɗakuna inda bokayen bodu ke karɓar masu buƙata. Ban ga abin da ya ba ni tsoro ba, kuma kada mu yi saurin ɗaga hanci, don wanda ya san layin ƴan magani a kasuwanninmu ya san ƙahon da fatar ba baƙinsa ba ne. Abin da ya dame ni dabam ne. Na tarar da wani rukunin baƙi suna ta ɗaukar hoto da murna, na san in sun koma gida wannan ƙoƙon biri shi ne Togo a wurinsu. Ba za su ba da labarin matan da suka juya kamfanin Holan da yatsa ba, balle direbobin da ke kwana ƙarƙashin tirela.

Ƙarfe biyar da rabi muka iso ƙofar por. Farin jirgin jiya ya riga ya tafi, wani baƙin jirgin kwantena ya maye gurbinsa. Alhaji ya sallami direba, ya ƙara masa goro bisa abin da aka yi ciniki, ya ce ranar Juma'a ya zo ya kai shi Zango salla. Sa'an nan ya kira taranziter. Aka ce masa gobe.